Sayen Tsohuwar Mota A Ƙasar Maraɗi: Kuɗin Da Dillali Ya Yanka Ba Shi Ne Kuɗin Mota Ba

Da zarar kaka ta yi, an cire aya da gyaɗa, an roro wake an kai kasuwa, to lokacin ne ake ganin mutanen Agiye da Gazawa da Gidan Rumji suna kai-kawo a wuraren sayar da motoci na birnin Maraɗi. Wani manomi ne da ya sayar da amfanin gona ya haɗa da bijimai biyu, wani malamin makaranta ne da ya daɗe yana adashi, wani kuma direba ne da ya gaji da tuƙa motar wani yana son ya samu tasa ta cin kasuwannin mako. Abin da ya haɗa su shi ne kuɗin da ke aljihu ƙidayayye ne, idan suka salwanta babu wasu a baya. A kan irin waɗannan bayin Allah muke son mu yi magana, domin mai hali idan ya sayi ruɓaɓɓiyar mota sai ya jingine ta ya sayi wata, talaka kuwa jarinsa ne da abincin iyalinsa suka tafi.

Ga masu karatunmu da ba su san yankin ba, gundumomin nan uku duk suna kan babbar hanyar kwalta mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Ƙonni da Maraɗi ta nufi Damagaram. Gidan Rumji tana yamma da Maraɗi da kimanin kilomita 50, Agiye tana gabas da kimanin kilomita 80, sai Gazawa a gaba da ita kaɗan, wadda a da tana ƙarƙashin Agiye ne kafin a mayar da ita gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011. Amma kwaltar ke nan. Da mutum ya sauka daga kanta ya nufi ƙauyuka, sai rairayi da burji, idan kuma damina ta kankama a wajajen Tibiri da Gidan Rumji, inda Gulbin Maraɗi ya ratsa, akwai laka da kwazazzabai. Duk mai neman mota a nan, wannan hanyar ce ya kamata ya fara sa wa a ransa kafin ya dubi launin fenti.

Motocin da ake sayarwa kashi biyu ne. Akwai wadda ake kira 'yar Kwatano ko Baljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka aka ɗoro ta a jirgin ruwa, yawanci daga tashar Antwab ta ƙasar Baljiyam, aka sauke a tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin ko ta Lome a Togo. Akwai kuma ta hannu, wadda ta riga ta sha aiki a nan gida, wani lokaci ta bi hannun mutum uku ko huɗu. Shekaru da dama hanyar 'yar Kwatano ɗaya ce: direbobi su jero motoci daga bakin teku su bi ta Paraku zuwa Malanbil, su haye gadar Kogin Kwara su shigo Gaya, daga nan sai Doso, Dogonduci, Ƙonni har Maraɗi, tafiyar da ta haura kilomita 1,300. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin motocin ba a Nijar suke tsayawa ba, Najeriya suke nufa ta Ɗan Isa da Jibiya. Wannan fataucin ya ciyar da dubban mutane a Maraɗi, daga direbobi da dillalai har masu wankin mota.

Idan za a iya tunawa, gwamnatin Najeriya ta haramta shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017, sannan a watan Agustan 2019 ta rufe iyakokin baki ɗaya na sama da shekara guda. Babban sauyin kuwa ya zo ne bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi aka datse gadar Malanbil. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Yamai suka bar nasu a rufe bisa dalilan tsaro. Sai kaya suka koma bin hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, ayarin motoci da rakiyar sojoji, tafiya mai tsawo da jira da ƙarin kuɗi. Duk wannan ɗawainiyar a kan mai saye na ƙarshe take faɗawa. Shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi a yau ya fi karkata ga ta hannu, wasu kuma suka juya akala zuwa Katsina da Kano, musamman tun da darajar naira ta faɗi daga kimanin 460 a dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, alhali sefa tana ɗaure da kuɗin yuro ba ta motsa ba.

To a nan ne ake yin kuskuren farko. Mutum ya canza sefarsa ya ga ta zama tulin naira, ya sayi mota mai lambar Najeriya ya ga kamar ya tsinci dami a kala. Sai ya manta cewa takardar shiga ta wucin gadi da ake ba shi a kan iyaka tana da wa'adi, kuma kafin motar ta samu lambar Nijar dole ta bi ta hannun duwan, wato jami'an kwastan, a biya kuɗin fito. Bayan wannan ga takardar mallaka da ake kira karti-giriz, ga inshora, ga harajin shekara na binyet, ga takardar duba lafiyar mota. Mutane da yawa kan kashe kuɗinsu kaf wajen saye, sai mota ta zauna a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, ko kuma a riƙa bin hanyoyin daji da ita ana gudun jandarmomi. Shawararmu ita ce, kafin a yi ciniki a je ofishin duwan da bayanin motar a tambayi abin da za ta ci, a ji daga bakin ma'aikaci, kada a dogara da lissafin dillali, domin shi la'adarsa yake nema.

Maganar takardu ta wuce batun haraji. Iyakar nan da ta raba Maraɗi da jihohin Katsina, Zamfara da Sakkwato doguwa ce, kuma tun shekarar 2019 gundumar Gidan Rumji take karɓar 'yan gudun hijira saboda ta'asar 'yan bindiga. Inda ake tsallakawa da shanun sata, ana tsallakawa da motocin sata. Kowace mota ta zamani tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, an buga ta a jikin ƙarfen motar, sau da yawa kuma ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ko a jikin ƙofar direba. Wajibi ne mai saye ya duba da idonsa cewa wadda ke jikin ƙarfe ita ce ke cikin takarda, harafi bayan harafi, kuma babu alamar an kankare ko an yi walda a wurin. Sunan da ke kan karti-giriz ya dace da na katin shaidar mai sayarwa, idan kuwa bai dace ba a nemi takardun cinikin da suka gabata. A rubuta takardar saye da shaidu, a kai ofishin magajin gari ko na 'yan sanda a buga hatimi. Hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol tana da kundin motocin da aka sace a ƙasashe daban-daban, kuma ranar da aka gano motar, mai ita na asali ne ke da gaskiya, wanda ya saya sai ya yi ta bin dillali a gari, idan ma bai kwana a caji ofis ba. Motar da aka ce takardunta suna hanya, cinikin biri a sama ne.

Sai kuma lafiyar motar kanta. A watan Oktoban 2020 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi yawa. Wani bincike da hukumomin ƙasar Holan suka yi a kan motocin da ke barin tasoshinsu ya gano cewa yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, kuma galibi ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki. Ke nan wadda muke kira sabuwa fil daga Kwatano, a can ƙasarta ta kusa shiga bola. Ba muna cewa duka marasa kyau ne ba. Akwai nagartattu, amma sai an tona.

Makanikai masu gaskiya suna da ƙa'idar da ba sa saɓawa: a je ganin mota da sassafe, kafin mai ita ya tayar da ita. Injin da ya yi zafi yana ɓoye aibinsa, mai sanyi ba ya iyawa. A tsaya a bayan salansa a duba hayaƙi. Idan shuɗi ne, injin na shan baƙin mai, ring ya tafi. Idan fari ne mai kauri da ba ya yankewa, ruwa na shiga inda bai kamata ba, mai yiwuwa gasket ya ƙone. Idan baƙi ne, tana zuƙar mai fiye da ƙima. A buɗe murfin baƙin mai, idan an ga wani abu kamar kindirmo a jikinsa, to a yi sallama da mai mota. A leƙa lagireto a ga ko ruwan ya yi tsatsa. Sannan a kwanta a ƙasa a duba cikinta, domin a ƙasashen sanyi ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe daga ƙasa alhali sama tana ƙyalli. Wadda ta yi hatsari aka gyara kuma, ana gane ta daga ƙofofin da ba sa rufuwa daidai da bambancin launin fenti idan rana ta haska. Akwai ma wani ƙarfe a cikin salansa mai tace hayaƙi, wanda 'yan gareji a Najeriya suke kira indomi, ana yawan cire shi a sayar saboda tsadarsa a mayar da bututu fanko. Alƙaluman kilomita da ke gaban direba kuwa, ba mu ba kowa shawarar ya gaskata su ba. Juya su baya aikin minti kaɗan ne. Gogewar sitiyari da fedar kuloci da kujerar direba sun fi faɗin gaskiya.

A tafi da makaniki na kanka, wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba. Kuma kada gwajin ya tsaya a kan kwalta. A saukar da ita cikin rairayi, a hau burji da ita, a ji ƙarar ƙafafu da shokazoba, a ga ko allurar zafi tana tashi.

Wace iri ce ta dace? A nan muna da ra'ayi, kuma ba ma ɓoye shi. Mota mai araha ita ce wadda makanikin garinku ya san cikinta kuma ake samun kayanta a Maraɗi, ko a Katsina idan ta kama. Wannan ne sirrin daɗewar Peugeot 504, wadda kamfanin Kaduna ya fara haɗawa a shekarar 1975, har ta zama motar kowa a ƙasar Hausa, kuma shi ne dalilin da ya sa a yau Toyota Corolla da Hiace da Hilux da tsohuwar Golf suke riƙe da farashinsu. Sau da yawa za ka ga an yi wa wata ƙatuwar motar alfarma kuɗi ƙasa da na ƙaramar Corolla mai shekaru ɗaya da ita, sai mutum ya ruɗu. Dalilin arahar shi ne komai nata na lantarki ne da kwamfuta, ranar da ƙwaƙwalwarta ta samu matsala a Gangara ko Cadakori, sai an ɗauko ta a bayan wata motar zuwa birni, a jira kaya daga Kano ko Yamai. Haka nan mai giya ta hannu ta fi mai canza giya da kanta sauƙin gyara a karkara, kuma idan batir ya mutu ana iya tura ta ta tashi.

Batun mai ma lissafi ne da ake yi tun kafin saye. A da mutanen yankin sun dogara da man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe a bakin hanya, amma tun da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 wannan arahar ta kau. Nijar tana da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, kuma a watan Yulin 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, duk da haka an yi fama da dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris na 2025. Mu ɗauki wancan farashi na 499 mu yi misali. Daga Agiye zuwa Maraɗi da dawowa kimanin kilomita 160 ne. Motar da ke shan lita 7 a kilomita 100 za ta ci lita 11 da ɗoriya, wadda ke shan lita 12 kuma za ta ci sama da 19. Bambancin lita 8 ne, kusan jika huɗu a kowace tafiya. Mai zuwa sau biyu a mako, a shekara ya yi asarar sama da jika 400, kuɗin da ya ishe shi ya sayi wadda ta fi lafiya tun da farko.

Saboda haka wanda ke da miliyan biyu, alal misali, bai kamata ya nemi motar miliyan biyu ba. Ya ware kuɗin takardu, ya ware la'adar dillali wadda ya kamata a yanke ta a fili tun kafin a fara ciniki, sannan ya ajiye wani kaso na gyaran makon farko. Duk motar da aka saya, komai kyanta, sai an juye baƙin mai, an canza filta, an duba birki, an kuma sauya bel ɗin inji idan mai bel ce, tun da babu wanda ya san ranar da aka sa na jikinta. Tayoyi su ma suna da shekaru. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, wato 2315 na nufin mako na 23 a shekarar 2015. Taya mai irin wannan shekaru, ko da zanenta bai goge ba, ba ta da tabbas a kan kwaltar Caduwa zuwa Agiye da tsakar rana a watan Afrilu, ga buhunan aya a but, ga fasinja shida a ciki.