Tazarar haihuwa: yadda salula ke haɗa ma'aikatan kiwon lafiya

Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta mai da magungunan tazarar haihuwa kyauta a likitocin gwamnati. Duk da haka binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 12 cikin 100 kawai na matan aure ke amfani da hanyoyin zamani, kuma mace guda na haihuwar fiye da ƴaƴa 7 a matsakaicin lissafi. A binciken 2021 adadin ya sauko zuwa 6,2. Ke nan ba kuɗin magani kaɗai ne cikas ba. Wani ɓangaren matsalar yana wajen ma'aikacin da ke zaune shi kaɗai a CSI ko a ƙaramar likitar ƙauye, babu wanda zai tuntuɓa idan abu ya shige masa duhu.

Misali mafi yawa shi ne rikicewar jinin al'ada. Allurar wata uku da ashanar da ake sa wa a damtse kan sa jini ya riƙa ɗiga ba bisa ƙa'ida ba, ko ya ɗauke gaba ɗaya. A likitance galibi wannan ba hatsari ba ne. Amma ga matar da ke lissafin sallarta da azuminta da zamanta da maigida, babban lamari ne, kuma yana cikin manyan dalilan da ke sa mata su daina. Idan ta koma likita ba ta samu gamsasshiyar amsa ba, ba ita kaɗai aka rasa ba: kishiyarta da maƙwabtanta duk za su ji labari a bakin rijiya.

A nan zaurukan WhatsApp na ma'aikata ke da rana. Ungozomar da ke can cikin karkarar Dakoro ko Tanut za ta iya aika tambaya da murya, ta samu amsa daga likitan mata na Maraɗi ko Damagaram kafin matar ta kama hanyar gida. Haka ma idan magani ya yanke: majon wata CSI ya faɗa cewa allurarsa ta ƙare, wani ya ce yana da rarar da wa'adinta ya kusa cika, sai a aiko ta a babur. Da rahoton wata za a jira, da matar da lokacin allurarta ya yi ta koma hannu rabbana.

Akwai kuma mataki na sama. A watan Fabrairun 2011 ƙasashe 9 na yammacin Afirka masu amfani da Faransanci, har da Nijar, suka kafa ƙawancen Wagadugu kan tsarin iyali, mai ofishi a Dakar. Hukumar lafiya ta duniya OMS ita ma tana riƙe da cibiyar IBP, inda ƙwararru daga ƙasashe daban-daban ke musayar dabarun da aka gwada aka ga amfaninsu, ta hanyar taruka da darussa a intanet. Nijar ba mai karɓa kaɗai ba ce a wannan fage. Makarantar mazaje, wadda aka soma a jihar Damagaram da tallafin UNFPA don jawo magidanta cikin zancen lafiyar matansu, daga nan wasu ƙasashen yankin suka kwaikwaye ta. Allurar Sayana Press kuma, Nijar na cikin ƙasashe 4 da suka fara gwada ta a 2014, tare da Burkina Faso da Senegal da Uganda. Rufe hukumar USAID ta Amurka a 2025, wadda ke cikin manyan masu zuba kuɗi a wannan aiki, ya ƙara wa horo ta intanet muhimmanci, tunda taron horaswa a Yamai na cin kuɗin mota da masauki da guzuri.

Sai dai inda aka fi bukatar hanyar, can ta fi rauni. Ƙauyuka da dama babu rezo mai ƙarfi, babu wutar cajin salula, kuma sau da yawa daga aljihunsa ma'aikaci ke sayen kuɗin intanet. Darussan manyan cibiyoyin da Faransanci ko Turanci ake yin su, alhali masu faɗakarwa na ƙauye da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek suke aiki.

Abin da ya fi hatsari shi ne sirri. Akwai matar da ke zuwa likita a ɓoye, tana gudun rurrutsa, ba tare da sanin dangin miji ba. Hoton katinta ɗauke da suna, idan ya faɗa zauren mutum ɗari, ba mai iya janye shi, kuma yana iya kashe aure. Don haka zauren da ke son ya yi amfani sai ya hana sa suna da hoton fuska, kuma ya samu shugaba, likitan gunduma ko gogaggiyar ungozoma, mai tantance kowace amsa da ƙa'idojin ofishin ministan kiwon lafiya kafin ƙananan ma'aikata su yi aiki da ita.