A Wajen Zubi Ake Cin Dara

Bayan sallar la'asar, idan rana ta yi sanyi, a Magariya da Dungas akan ga dattawa sun kewaye wani ɗan fili a gindin bedi, an tona gurabe 30 cikin rairayi, layi 5 a kan 6. Wannan ya riƙe tsinke 12, wancan duwatsu 12. Dara ke nan, wasan da ɗan kasuwa ke zama gaba da gaba da ma'aikacin gwamnati, ba wanda ya fi wani sai da dabara.

Baƙo yakan ɗauka wasa bai soma ba sai an fara tafiya da 'ya'ya. Masana kuwa sun san tun a wajen zubi ake kashe mutum. Kowa na aza ɗa ɗaya bi da bi, kuma doka ta hana jera uku a wannan lokaci. Saboda haka gwani yakan yi shiru yana toshe ƙofofin abokin karawa, yana ɓoye gurbin da zai kafa doki, wato inda ɗa guda zai riƙa kai da komo, duk motsi ya cika uku, ya ci. Wanda ya bari aka kafa masa doki, abin da ya rage masa sai kallo da jin ba'ar 'yan kallo.

Haka abin yake a darar Turawa. Ran 11 ga Mayu 1997 a birnin New York, Garry Kasparov, zakaran duniya a lokacin, ya kara da kwamfutar Deep Blue a wasan ƙarshe. Ya yi kuskure a taku na 7, na'urar ta sadaukar da dokinta a taku na 8, kafin taku 20 ya sallama.

Bambancin shi ne su Turawa sun rubuta. Kowace hanyar buɗe wasa tana da suna da littafi, kuma tun 1970 ƙungiyarsu ta duniya ke auna ƙarfin 'yan wasa da maki. A darar gida makin gwani yana bakin jama'a ne kawai. Dabarun zubinsa kuwa a kansa suke, kuma matasan da ya kamata su tsuguna su koya yau sun fi karkata ga karta da wayar salula.