Haihuwar ɗa a Abijan: shin tana ba iyaye izinin zama a Kwaddibuwa?

 

Akwai maganar da ta yaɗu tsakanin 'yan'uwanmu masu sayar da wayoyi a Black Market ta Adjamé da mazauna Treichville, cewa wanda ya haifi ɗa a Abijan ya kafa tushe: yaron ya zama ɗan ƙasa, uwa da uba kuma sun samu inuwar fakewa. Wannan fahimta kuskure ce, kuma ta jefa gidaje da dama cikin wahala.

Ƙasashen duniya suna bin hanyoyi biyu wajen ba jariri shaidar zama ɗan ƙasa. Wasu suna duba wurin da aka haife shi, wasu kuma suna duba jinin iyayensa. Amurka ce fitacciya a hanyar farko, bisa gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulkinta a 1868, kuma daga can ne labarin ya iso kunnuwan mutanenmu. To amma ko a can, yaron ba ya iya nema wa iyayensa takardar zama ta dindindin sai ya kai shekara 21. Ingila ma ta daina ba kowane jariri wannan haƙƙi tun 1983.

Kwaddibuwa kuwa jini take bi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 14 ga Disamba 1961 ta buɗe ƙofa ga 'ya'yan baƙi da aka haifa a ƙasar su nemi shaidar ta hanyar bayyana buƙatarsu, amma gyaran 21 ga Disamba 1972 ya rufe ta. A 2013 an yi doka ta musamman domin waɗanda wancan haƙƙi ya wuce su, wato mazauna ƙasar tun kafin samun 'yancin kai a 1960 da waɗanda aka haifa kafin gyaran ya fara aiki, kuma wa'adinta ya ƙare a 2016. Saboda haka a yau, yaro yana zama ɗan Kwaddibuwa ne idan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan ƙasar ne. Ko a hakan ma, shaidar ta yaron ce, ba ta wucewa zuwa ga mahaifin da yake baƙo.

To, a kan me zaman iyaye ya dogara? A kan takardunsu na kansu. An ƙirƙiro katin zaman baƙi a 1990, sannan a 2007 aka ɗauke shi daga kan 'yan ƙasashen CEDEAO, inda katin ofishin jakadanci ya zama abin riƙo. 'Yan Nijar su lura: ƙasarsu ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, kodayake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da barin zirga-zirga har zuwa wani sabon mataki. Kada a yi sakaci da sabunta takardu. Mai son zama ɗan ƙasa kuma yana iya nema bayan zaman shekara biyar, sai dai bayarwar tana hannun hukuma.

Haɗarin da ya fi girma yana kan yaron. Idan uba ya ɗauka haihuwa ta wadatar, bai yi masa rajista a ofishin jakadancin ƙasarsa ba, sai yaro ya girma babu mai shaida masa a nan, babu a can. Ranar jarrabawar makaranta ko neman fasfo ake gane an yi asara. Alhali dokokin Najeriya da na Nijar duk sun yarda ɗa ya gaji ƙasar mahaifinsa ko da a waje aka haife shi.

Don haka, ya ɗan'uwa, ka kai rajistar haihuwa ofishin magajin garin da aka haifi yaron, Adjamé ne ko Treichville, cikin wata uku. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu, da kashe kuɗi da ɓata lokaci. Daga nan ka kai takardar ofishin jakadancinku.

Sannan mu ji tsoron Allah game da abin da wasu ke yi na rubuta yaro da sunan wani maƙwabci ɗan ƙasa domin ya samu takarda. Musulunci ya haramta jingina ɗa ga wanda ba mahaifinsa ba. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni da a kira kowa da sunan ubansa, kuma bayan saukarta aka daina jingina Zaidu bin Harisa ga Annabi (SAW). Ƙaryar nasaba tana rikita gado da aure da waliccin ɗiya, ga shi laifi ne a dokar ƙasa, wanda in ya tonu yaron ne farkon wanda zai ɗanɗana kuɗarsa.

Limamai da malaman Islamiyya su riƙa tunatar da iyaye wannan a ranar suna. Allah Ya shirya mana zuri'armu, Ya tsare mana mutuncinmu a ƙasar baƙunci. Wallahu a'alam.