Gidajen Manoma Da Suka Tsare Irin Inabin Ƙasar Jojiya

In kaka ta yi, manomin dawa yakan bi gona ya zaɓi zangarniya masu kyau, ya ɗaure su dabam, ya sa a rumbu. Shi ke nan, irin baɗi ya samu. Mai gonar inabi ba shi da wannan sauƙi. In ka shuka ƙwayar inabi za ta tsiro sarai, amma kurangar da za ta fito ba za ta ɗauko halin uwarta ba, 'ya'yanta kuwa sau da yawa ƙanana ne masu tsami. Saboda haka reshe akan yanka a dasa, kamar yadda muke yi da rogo da rake. Watau irin inabi ba ya ajiyuwa a rumbu, sai a gona. Muddin akwai kuranga ɗaya da rai, irin yana nan. Ran da aka tumɓuke ta ƙarshe kuwa, ya tafi ke nan, ko da kakanni sun yi shekara dubu suna renonsa.

Mun fara da wannan bayani ne domin mu ba ku labarin wata ƙasa wadda ta kusa yin hasarar irinta, da kuma mutanen da suka hana hasarar. Sunan ƙasar Jojiya. Kada a haɗa ta da jihar Jojiya ta Amurka. Wannan tana gabashin Baƙin Teku ne, a gindin manyan duwatsun Kaukasus. Rasha tana arewa da ita, Turkiyya da Armeniya suna kudu, Azarbaijan kuma tana wajen gabas. Babban birninta Tibilisi. Mutanenta duka ba su kai miliyan 4 ba, amma an ƙidaya irin inabi fiye da 500 waɗanda asalinsu na ƙasar ne.

Sana'ar ta daɗe ƙwarai. A shekarar 2017 masana suka ba da sanarwar abin da suka samu a kangayen ƙauyuka biyu, Gadacirili Gora da Shulaberis Gora, wajen mil 30 kudu da Tibilisi. Sun tono katangar tukwane, suka gwada, suka iske alamar ruwan inabi a jikinsu. Tukwanen sun kai shekara 8,000. Ko bishara ma da ta shiga ƙasar a ƙarni na 4, bisa ga labarin da ikilisiyarsu ta riƙe, wata mace mai suna Nino ce ta kawo ta, riƙe da gicciye wanda ta yi da rassan inabi biyu, ta ɗaure su da gashin kanta.

Me ya sa iri ya yi yawa haka a ƙaramar ƙasa? Dalilin shi ne kowane kwari da irin ƙasarsa da irin ruwansa. Gabas, watau lardin Kaketi inda ake noma mafi yawan inabin, akwai rana da ƙarancin ruwa. Can ne gidan Saperavi, baƙin inabi wanda har tsokarsa ta ciki ja ce, ma'anar sunan kuwa “rini”. Can ne kuma gidan Rkatsiteli, farin inabi mai jan reshe, mai jure sanyi, mai yawan haihuwa. Yamma, wajen teku, ruwa ya yi yawa, laima tana kawo fumfuna. Mutanen Guriya da Samegrelo suka koyi ɗora kurangarsu bisa dogayen itatuwa domin iska ta riƙa ratsa 'ya'yan, irin su Chkhaveri da Ojaleshi suka saba da wannan. A lardin Imereti akwai Tsolikouri da Tsitska da Krakhuna. A kan tuddan Leckumi akwai wani da ake kira Usakhelouri, watau “marar suna”, ba ya ba da 'ya'ya da yawa, amma ruwansa yana cikin mafiya tsada a ƙasar. Ba wani ofishi ne ya zauna ya tsara wannan ba. Manoma ne, tsara bayan tsara, kowa yana yankan reshen kurangar da ta yi masa kyau a gonarsa, yana ba maƙwabcinsa.

Yanzu bari mu shiga gida mu ga yadda ake aikin. Gidan manomi a ƙauye yakan kasance da wani ɗaki ko rumfa da suke kira marani. In ka shiga ba za ka ga kome ba sai bakunan tukwane a daɓe, gama an binne su har wuya. Sunan tukunyar kwebiri. Ku ɗauki randar da muka sani, ku ƙara mata girma, ku tsuke gindinta ya yi tsini kamar ƙwai. Akwai ƙanana masu cin garwa ɗaya ko biyu, akwai masu cin lita 2,000 ko fiye, watau durom goma, har mutum yakan shiga ciki da tsani. Magina ba sa amfani da injin juyi. Da hannu suke ɗora yumɓu zobe bisa zobe, su bari ya sha iska, su ƙara, har makonni. Bayan an gasa, tun tukunyar tana da ɗumi, sai a shafe cikinta da kakin zuma domin ya toshe ƙananan ƙofofin yumɓun.

Girbi yakan zo a watan Satumba da Oktoba, aikin gayya ne, dangin da ke birni ma sukan komo. A dā akan zuba nonnan inabin cikin dogon komi da aka sassaƙa daga gungumen itace guda, a tattake da ƙafa, ruwan ya gangara cikin kwebiri. A nan ne mutanen Kaketi suka bambanta da Turawan Faransa. Bafaranshe in zai yi farin ruwan inabi yakan tace, ya raba ruwan da ɓawon tun da fari. Mutumin Kaketi kuwa yakan zuba duka, ruwa da ɓawo da ƙwaya, har da tsinkayen da suka nuna. Ba ya sayen yisti, gama akwai shi a jikin ɓawon. Cikin kwana biyu ko uku tukunya ta fara tafasa ba wuta. Ɓawon yakan taso sama ya yi tauri, sai a riƙa danna shi da sanda sau da yawa kowace rana, har mako biyu ko uku. In tafasar ta kwanta, a rufe bakin da faifan dutse ko katako, a liƙe da yumɓu, a bar shi har watan Maris ko Afrilu.

Ku lura da hikimar da ke cikin wannan. Tafasa tana ta da zafi, zafi in ya yi yawa yakan kashe yisti, ruwan ya lalace. Manyan masana'antu da injin sanyi suke maganin wannan. Manomin Jojiya ƙasa ce take yi masa aikin, tana shanye zafin, da hunturu kuma tana hana sanyi ya yi yawa. Duk macen da ta taɓa binne gindin randa cikin yashi ta san wannan. Tsinin gindin ma da amfaninsa: ƙwayoyi masu ɗaci su ne suke fara nutsewa su taru can ƙasa, ɓawo ya sauka ya rufe su, ruwa mai tsabta ya tsaya a bisa. In an buɗe, farin inabin ya ba da ruwa mai launin zuma. A Imereti kaɗan daga cikin ɓawon suke zubawa, ba tsinkaye, nasu kuma bai kai wannan kauri ba.

Ba a zubar da kome. Tuƙar da ta rage akan dafa ta a fitar da barasa mai ƙarfi da suke kira caca. Ɗanyen ruwan inabi kuma mata sukan dama shi da gari ya yi kauri kamar kunu, su tsoma zaren da aka jera wa ƙwayoyin walnat, su rataye ya bushe. Wannan alewa, curckela, takan yi watanni ba ta lalace ba, guzurin matafiya ce tun dā. Akwai kuma al'adar keɓe tukunya guda mai suna zedashe domin ikilisiya da ranakun idi. A wajen biki sukan naɗa mutum ɗaya, tamada, shi ne mai jawabi, ba mai kai ƙoƙo baki sai ya gama magana a kan salama, ko iyaye, ko waɗanda suka rigaya. Ba mu ce kowa ya kwaikwayi shansu ba. Mun ga abin da buguwa take yi wa gida, can ma kuwa tana yin ɓarnarta. Abin da ya ja hankalinmu shi ne noman.

Masifa ta fari ta zo a ƙarni na 19. Wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera, wanda ke tsotsar saiwar inabi, ya shigo Turai daga Amurka wajen 1863, ya cinye gonakin Faransa, kafin ƙarshen ƙarnin ya iso Jojiya. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro da lemo. Saiwar inabin Amurka ta saba da ƙwaron, sai a ɗaura mata reshen inabin gida. Amma aure aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, irin da aka ga ya cancanta shi aka aurar, waɗansu da dama aka bar su.

Ta biyu ta fi tsanani, mutum ne kuwa ya kawo ta. A 1921 sojojin Sobiyet suka ci ƙasar. Daga baya aka tattara gonaki suka zama na gwamnati, aka ɗora wa Jojiya aikin shayar da Tarayyar Sobiyet. Masu tsarin suna Mosko, abin da suke aunawa kuwa nauyi ne. Irin da ya fi cika mota shi ne mai kyau a wurinsu. Sai aka cika filaye da Rkatsiteli da Saperavi da waɗansu 'yan kaɗan, sauran aka ture su gefe. A ganinmu laifin ba na waɗannan iri biyu ba ne, gama nagari ne. Laifin na mai ma'auni ɗaya ne, wanda bai tambaya ko irin yana jure laima, ko ya dace da tudu, ko mutanen wurin suna son ɗanɗanonsa ba. A 1985 kuma shugaba Gorbachev ya ta da yaƙi da shan barasa, aka sare gonakin inabi masu yawa a Tarayyar. Bayan samun 'yancin kai a 1991 aka shiga yaƙin basasa da talauci, filin inabin ƙasar ya ragu da fiye da rabi.

To, ina sauran irin suka ɓuya? A bayan gida. Dokar Sobiyet ta bar wa kowane iyali ɗan fili na kansa, nan tsoho yakan bar kuranga biyar ko goma na irin ubansa, ya cika kwebirinsa domin gida da baƙi. Ba wanda ya biya shi, ba kuma littafin da aka rubuta sunansa.

Amfanin wannan ya fito a 2006, sa'ad da Rasha ta hana shigar ruwan inabin Jojiya. Rasha ta ce ba shi da inganci, Jojiya ta ce siyasa ce. Ko wanne ne, kasuwar da ke sayen mafi yawan kayan ta rufe dare ɗaya, ba a buɗe ta ba sai 2013. Dole aka nemi masu saye a Turai da Amurka da Asiya, su kuwa suna da ruwan inabi na masana'anta har ya yi musu yawa. Abin da ba su da shi, shi ne na kwebiri da irin da ba a samu a ko'ina ba. Ƙananan gidaje suka fara ɗura nasu a kwalba, waɗansu kwalba dubu biyu ko uku kaɗai a shekara. Kisi da Khikhvi, fararen inabin Kaketi da suka kusa ƙarewa, aka koma dasa su. Ma'aikatan gona suka bi ƙauyuka suna karɓar rassa, a gonar gwaji ta Jigaura kusa da Saguramo aka jera irin gida fiye da 400. A watan Disamba na 2013 hukumar UNESCO ta sa sana'ar kwebiri cikin al'adun duniya da ya kamata a tsare.

Kada dai a ɗauka wahala ta ƙare. Daga cikin 500 ɗin nan, 'yan gomomi kaɗai ake nomawa domin kasuwa. Sabon dashe yakan yi shekara uku ko huɗu kafin ya ba da amfani, ƙaramin manomi kuwa da wuya ya jira. Wanke kwebiri ma aiki ne ja: mutum ya shiga ciki da burushin ɓawon itacen ceri, ya goge, ya ɗauraye da ruwan toka ko na farar ƙasa sau da sau, in ya yi sakaci kuwa aikin shekara ya zama ruwan tsami. Maginan manyan tukwanen kuma ba su da yawa, iyalai ne kaɗan a ƙauyuka irin su Bardisubani a Kaketi, da Shirosha da Makatubani a Imereti. Mai son babbar kwebiri yakan ba da saƙo tun da wuri, gama da lokacin zafi kaɗai ake gininta.