Ciwon da ke ɗauke bugun jini a hannu: gado ne ko ba gado ba?

A nan Sabha, da zarar likita ya ambaci kalmar gado, hankalin iyaye kan koma kan sikila, daga nan sai a fara maganar fasa aure. To amma ba kowane ciwo mai alaƙa da gado ne ke tafiya irin ta sikila ba. Kumburin manyan jijiyoyin jini na cikin waɗanda ba sa bin wannan hanya.

Wanda ya fi shafar matasa shi ne ciwon Takayasu, sunan wani likitan ido ɗan Japan, Mikito Takayasu, da ya yi bayaninsa a 1908. Garkuwar jiki ce ke juyawa ta afka wa babbar jijiyar da ke fita daga zuciya da rassanta, bangonsu ya yi kauri, hanyar jini ta ƙuntace. Ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40. Yarinya za ta yi ta fama da kasala, zazzaɓi-zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, hannu ya riƙa mutuwa in tana wanki ko tsefe kai, wani lokaci a nemi bugun jini a wuyan hannu a rasa. Da yawa sai a ce shawara ce ko iska, a yi ta jiƙe-jiƙe har watanni su wuce. Ɗan'uwansa kuma, wanda ke kama jijiyar gefen goshi, na 'yan sama da shekara 50 ne, ya fi yawa a arewacin Turai, kuma yana iya makantar da mutum.

Ina gadon yake? Masu bincike sun gano cewa wata alama a ƙwayoyin halitta mai suna HLA-B52 ta fi yawa a jikin masu Takayasu. A 2013 kuma bincike biyu, ɗaya a Japan, ɗaya kan marasa lafiya daga Turkiyya da Arewacin Amurka, suka nuna hannun wata ƙwayar, IL12B, mai taka rawa wajen tayar da kumburi. Sai dai miliyoyin mutane na ɗauke da HLA-B52 lafiya ƙalau har tsufa. A sikila, AS ya auri AS, kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A nan babu irin wannan lissafi, kuma da wuya a samu mutum biyu a gida ɗaya da ciwon. Saboda haka a ganina zalunci ne a ƙi ƙanwa don yayarta na da shi.

Abin da ya fi amfani yana nan kusa. A auna hawan jini a hannu biyu, ba ɗaya ba. In bambancin ya wuce 10, ga kuma waɗancan alamu, a nemi likita ya duba jijiyoyin. Awon jini na kumburi da hoton jijiya su ke tabbatarwa, kuma in Cibiyar Lafiya ta Sabha ta tura mutum Tarabulus, tafiyar sama da kilomita 700, gara a yi ta da wuri. Maganin farko shi ne prednisolone, galibi tare da wani kamar methotrexate, ana sha tsawon lokaci, kuma ba a tsayar da shi farat ɗaya ba tare da izinin likita ba.