Gida a Kano, Mai Gida a Ƙetare: Maganar Hatimin Notari

Mutum yana aikin jinya a Mancesta, ko yana tuƙi a Jidda, ko ya kwashe shekaru a Hustan, ga shi kuma yana da gida a Rijiyar Zaki ko Unguwar Dosa da yake son sayarwa. Dillali ya kawo mai saye, an yi ciniki, an sallama. Sai ƙanensa ya kira shi a waya: "Yaya, lauyan mutumin ya ce ko dai ka zo ka sa hannu da kanka, ko ka aiko da takardar wakilci mai hatimi." Zuwa da kai ya fi aike, babu musu. Amma ga kuɗin jirgi zuwa da dawowa, ga hutun da ba lalle wurin aiki su bayar ba, wani ma takardun zamansa ba su kammala ba, in ya fita ba shi da tabbacin komawa. Aiken ya zama dole. A nan ne yawancin mutanenmu ke fara jin sunan wani ma'aikaci da ake kira notari.

Kada a ga laifin lauyan mai saye. Mutumin da zai zuba miliyoyi a kan gida bai taɓa ganin mai gidan ba, muryarsa kawai ya ji a waya, kuma kowa ya san labarin gidajen da aka sayar masu su suna can ba su da labari. Rubutun nan da ake yi da jan fenti a bangon gidaje cewa "wannan gida ba na sayarwa ba ne" ai ba ado ba ne. Mai saye yana neman wani da doka ta yarda da shi ya ce: na ga wannan mutum ido da ido, na duba fasfo ɗinsa, a gabana ya sa hannu, kuma da hankalinsa da son ransa ya yi. Aikin notari ke nan, kuma iyakarsa ke nan. Bai san gidan ba, bai san ko naka ne ko na marayu ba, bai san halin ƙanenka ba. Hatiminsa shaida ce a kan sa hannu kawai.

Sunan ɗaya ne, amma mutumin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Najeriya notari lauya ne da Alƙalin Alƙalai na ƙasa ya naɗa. A Ingila ma yawancinsu lauyoyi ne masu ƙarin horo, kuma abin mamaki, ofishin da ke ba su izini har yau yana ƙarƙashin Babban Limamin Cocin Kantabari, tsarin da ya samo asali tun 1533. A Amurka kuwa jiha ce ke naɗa notari, kuma ba sai lauya ba. Ma'aikaciyar banki ko mai shagon aika kaya na iya zama notari, kuɗin aikin ma kaɗan ne: a jihar Niyok doka ta ƙayyade dala 2, a Kalifoniya dala 15 a kan kowane sa hannu. Irin wannan notari ba shi da hurumin ba ka shawarar doka, kuma da wuya ya karanta abin da ke cikin takardar. A Saudiyya ana kiransa katibul adli, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, sunan da zai tuna wa mai karatun Alƙur'ani ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara, inda aka yi umarni da rubutawa da kafa shaidu.

Me ya sa hatimin ke da nauyi a gida? Sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan takardar wakilci ta nuna an sa mata hannu a gaban notari, ko alƙali, ko jami'in jakadancin Najeriya, kuma ya tabbatar da ita, kotu za ta ɗauka haka ɗin aka yi. Ma'ana, wanda ya ce jabu ce shi zai kawo hujja. Idan babu hatimin, nauyin ya koma kan wanda ya riƙe takardar, sai ya nemo hanyar tabbatar da cewa mutumin da ke can wata uwa duniya shi ya sa hannu. Babu mai sayen da ke son wannan wahala, shi ya sa suke kafewa.

Sai tambaya ta biyu ta taso: shi kansa notarin wa ya san shi? Ma'aikacin rajistar filaye a Kano ba shi da hanyar sanin ko hatimin wata mata a Teksas na gaske ne. Ƙasashen duniya sun warware wannan da yarjejeniyar birnin Heg ta 5 ga Oktoba, 1961, wadda ta kawo takardar shaida guda da ake kira afostil. Hukumar ƙasar da aka yi takardar ta manna ta, duk ƙasar da ke cikin yarjejeniyar ta karɓa ba tare da ƙarin bincike ba. Birtaniya da Amurka sun daɗe a ciki, Saudiyya ta shiga a ƙarshen 2022, Kanada a farkon 2024. Najeriya ba ta ciki. Saboda haka ɗan Najeriya da aka ce ya kawo cikakkiyar tantancewa doguwar hanya zai bi. A Ingila, daga notari takarda za ta tafi ofishin tantance takardu na ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya, sannan ta zo ofishin jakadancin Najeriya a Landan. A Amurka matakan sun fi yawa: notari, a wasu jihohi akawun gunduma, sai sakataren jiha, sai ma'aikatar harkokin waje ta tarayya, sannan ofishin jakadancinmu a Washintan ko ƙananan ofisoshin da ke Niyok da Atlanta. Kowane mataki yana shaidar hatimin wanda ke ƙasa da shi ne kawai, kamar isnadi. Kowanne kuma da kuɗinsa da kwanakinsa.

Ba kowane ciniki ne ke bukatar wannan jerin duka ba. Wani lauyan hatimin notari ya ishe shi, wani ofishin ko bankin sai ya ga tambarin jakadanci. Shi ya sa nake ganin kuskure mafi tsada shi ne mutum ya fara daga inda yake zaune. Daga gida ake farawa. Lauyanka na Najeriya, naka na kanka ba na mai saye ba, ya tambayi ofishin filaye na jihar, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, ya kuma tambayi lauyan mai saye irin shaidar da za su karɓa. Lauyan naka ne zai rubuta takardar bisa dokar jihar da gidan yake, ya turo maka ta imel. Fom ɗin da ake saukewa kyauta a intanet an tsara shi ne don gida a Ohayo, bai san lambar fuloti ko sunan gwamna ba. Akwai kuma gajeriyar hanya ga wanda ke kusa da ofishin jakadanci: ya tambaya ko zai iya sa hannu kai tsaye a gaban jami'insu, tunda Dokar Shaida da aka ambata ta lissafa shi. Tun daga 2023 sabuwar dokar notari ta Najeriya ta buɗe ƙofar yin wannan aiki ta bidiyo da sa hannun na'ura, amma kafin ka dogara da ita, a tabbatar ofishin da zai yi rajistar ya yarda.

Ranar zuwa wurin notari, ka tafi da takardar babu sa hannu. Mutane da yawa sukan sa hannu a gida don rage lokaci, sai a mayar da su su sake bugo wata. Ka riƙe fasfo mai rai, da shaidu idan takardar ta tanadi wurinsu. Ka duba sunanka harafi da harafi. Wannan ciwo ne namu na musamman: a takardar mallaka Muhammadu, a fasfo Mohammed, a katin zama Muhammad, wani ma sunan garinsu ya maye gurbin sunan mahaifi. Idan sun saɓa, a haɗa da takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, a buga mata hatimi a zama guda. Wanda ba ya karanta Turanci, kamar dattawanmu da suka daɗe a Makka da Madina, a karanta masa a fassara, a kuma rubuta a jikin takardar wanda ya fassara da cewa ya fahimta kafin ya dangwala. Bayan haka ainihin takardar za a aika ta kamfanin aika saƙo mai lambar bibiya. Hoton WhatsApp na sanarwa ne kawai.

Duk wannan zirga-zirga a kan bayan takardar ne. Haɗarin yana cikinta. Hatimi bakwai ba za su cece ka ba idan da hannunka ka rubuta cewa wane yana da ikon yin duk abin da ya ga dama da dukiyarka. Hasali ma, hatimin shi zai ƙarfafa shi a kanka, domin ya toshe maka hanyar cewa ba kai ka sa hannu ba. Don haka takardar ta zama tsukakkiya. A ambaci gida ɗaya da lambar fulotinsa da lambar takardar mallakarsa. A faɗi abin da wakili zai yi: sa hannu a takardar ciniki, neman yardar gwamna, miƙa makullai. A sa mafi ƙarancin farashi, in an riga an san mai saye a sa sunansa. A rubuta lambar asusun da kuɗin zai shiga, asusunka, ba na wakili ba. A hana shi jinginar da gidan, a hana shi wakilta wani, a hana shi sayar wa kansa ko matarsa. Wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne a wurinmu, malaman Malikiyya tuni suka hana wakili sayar wa kansa abin da aka ba shi ya sayar sai da izini. Sannan a sa ranar da wakilcin zai ƙare, wata shida ko shekara.

Na san inda abin ke da nauyi. Yaya za ka ce wa ƙanenka uwa ɗaya uba ɗaya, ko kawunka da ya riƙe ka, kuɗin ba zai bi ta hannunsa ba? Sai ya ce ba ka yarda da shi ba ke nan. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ƙa'idar tana kare shi ma, domin ranar da 'yan uwa suka fara ƙus-ƙus cewa gidan ya fi haka kuɗi, takardar banki ce za ta wanke shi. In kunya ta yi yawa, a jingina abin ga lauya, ai aikinsa ne ya ɗauki baƙin jinin.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan tsauri. Idan an gama ciniki, lauya na iya aiko maka da ainihin takardar miƙa mallaka, ka sa hannu a kan kwafin da ake bukata a gaban notari, ka mayar. Wakili sai ya rage da aikin kai takardu ofis da karɓar rasit, ba shi da ikon sayar da komai.

Dole a tuna da gwamna. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sashe na 22 kuma ya hana mai takardar mallaka miƙa ta ga wani sai da yardarsa. A Abuja minista ne ke bayarwa. Kotun Ƙoli ta jaddada wajabcin yardar gwamna a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. Saboda tsadar neman yardar da jinkirinta, wata dabara ta yaɗu, musamman a Abuja: maimakon a yi takardar ciniki, sai mai gida ya ba shi kansa mai sayen takardar wakilci wadda ba a sokewa, a tsaya a nan. Mai zaman ƙetare ya yi hattara da wannan. A shari'ar Ude da Nwara ta 1993 Kotun Ƙoli ta ce takardar wakilci ba ta miƙa mallaka, izini ce kawai na yin aiki da sunan wani. Wato a littafin gwamnati gidan yana nan da sunanka, kuɗin ƙasa na shekara-shekara yana taruwa da sunanka, in rigima ta tashi bayan shekara goma sammaci kai zai nema. Ita takardar wakilcin da ta shafi fili, in ta iso gida, a biya mata kuɗin sitam a yi mata rajista a ofishin filaye kafin a yi aiki da ita.

Gidan gado yana da nasa ƙarin aiki. Idan magada biyar ne, ɗaya a Landan, ɗaya a Riyad, uku a gida, babban wa ba zai sa hannu a madadin kowa don yana babba ba. Kowane magaji da ke waje zai yi tasa takardar a ƙasar da yake, mata da maza, a haɗa da takardar rabon gado ta kotu. Gidajen cikin gari da ba su da takardar gwamnati, sai ta ciniki da shaidar mai unguwa, su ma mai saye mai wayo zai nemi wakilcin a rubuce, kuma yana da kyau mai unguwar ya ji daga bakin mai gida ko da ta kiran bidiyo ne.

Wakilci na yau da kullum yana faɗuwa da mutuwar wanda ya bayar, a dokar ƙasa da fiƙihu duka, daga ranar gida ya zama na magada. Idan kuwa cinikin ne ya rushe, ko ka canja shawara, kiran waya cewa "a dakata" bai isa ba. Takardar sokewa za a rubuta, ta bi ta gaban notari kamar yadda ta farko ta bi, a yi mata rajista a ofishin da aka yi wa ta farko, a ba wakili kwafi, a sanar da dillali da duk wanda ya taya gidan. Sannan ka sa lauyanka ya karɓo ainihin tsohuwar takardar da takardar mallakar gidan daga hannun wakili, ya ajiye su a ofishinsa har ka zo.