4.3 Kwatancin Ƙarfin Kwanson Giya a Tsofaffin Motocin Amurka Masu Gudu

A wannan sashe za a kwatanta ƙarfin kwanson giya mai sarrafa kanta, wato otomatik, a motoci masu manyan injina da aka ƙera a Amurka tsakanin 1960 zuwa 1972. Abin da ake nufi da kwanso shi ne gidan ƙarfen da ke riƙe da haƙoran giya da kuloci da mai. Idan ya tsage, duk abin da ke ciki ya tashi aiki.

4.3.1 Irin Ƙarfe

Da farko da baƙin ƙarfe na zubi ake yin kwanson. Haka Powerglide ta kamfanin Chevrolet ta fito a 1950, haka kuma TorqueFlite ta Chrysler a 1956. A 1962 kamfanonin biyu suka fitar da samfurin alminiyam. Dalili shi ne nauyi, domin baƙin ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau biyu da rabi. Kamfanin Ford ya ci gaba da amfani da baƙin ƙarfe a giyar FMX ta 1968, amma duk da haka C6 mai kwanson alminiyam ya riƙa haɗawa da manyan injinansa. Wannan ya nuna cewa ba irin ƙarfe kaɗai ake dubawa ba.

4.3.2 Manyan Giya Uku

(a) TorqueFlite 727 (Chrysler, 1962): Ita aka haɗa da injin 426 Hemi a Dodge Charger. Kwansonta na da ƙwari, sai dai akwai wani kuloci a bayanta da ke juyawa gefe ɗaya kawai. Idan ya lalace, gangar gaba kan yi mugun gudu har ta tarwatse, ta fasa kwanson daga ciki.

(b) Turbo-Hydramatic 400 (General Motors, 1964): An sa ta a Pontiac GTO tun daga 1967. Rauninta yana wurin 'yan haƙoran cikin kwanso da ke tare zoben kuloci na tsakiya. Idan aka ƙara matsin mai fiye da kima, sukan ɓalle.

(c) C6 (Ford, 1966): An sa ta a Mustang mai injin 428 Cobra Jet. An zuba kwansonta haɗe da bakin da ke kama inji, saɓanin ƙanwarta C4 ta 1964 wadda ake kwance bakinta. Wannan ya rage wuraren haɗi, amma ya sa kowane rukunin inji sai da nasa kwanson.

4.3.3 Abin da Aka Gano

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ƙarfin inji shi kaɗai bai cika fasa kwanso ba. Galibi ɓarnar kan faro ne daga wani abu na ciki, ko daga matsin mai da aka ƙara. Wannan ne ya sa hukumomin tseren motoci a Amurka suke tilasta wa motoci masu tsananin gudu sanya garkuwa a jikin giya, domin tana kusa da ƙafafun direba. Saboda haka, mai kwatanta waɗannan giya uku ya kamata ya fara gano inda kowace take da rauni kafin ya yanke hukunci a kan wadda ta fi.